Takin gargajiya, takin zamani da ingancin man waken soya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin manoman waken soya, da masu saye su matse, da ɗaliban aikin gona. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu zurfi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Idan an ce man waken soya yana da inganci, me ake nufi?

Abu uku ake haɗawa a kalma ɗaya, kuma raba su shi ne farkon fahimta. Na farko shi ne yawan man da ke cikin ƙwaya. Busasshen waken soya yakan ƙunshi mai wajen kashi 20 cikin 100, furotin kuma wajen kashi 40. Na biyu shi ne irin kitsen da man ya ƙunsa. Man soya na yau da kullum fiye da rabinsa linoliyik ne, wajen kashi 23 oliyik, kashi 11 famitik, kashi 7 zuwa 8 linolenik, kashi 4 kuma sitiyarik. Oliyik yana jure zafi da ajiya. Linolenik kuwa, duk da amfaninsa ga jiki, shi ne ke saurin haɗuwa da iska ya sa mai ya juya, wari da ɗanɗano su canza.

Na uku shi ne halin da man ya iso hannun mai tacewa: yawan kitsen da ya riga ya warware ya zama asid, alamar fara lalacewa, launi, da datti. Taki yana taɓa na farko kaɗan, yana taɓa na biyu ƙasa da haka, na uku kuwa yawancinsa a hannun mai girbi da mai ajiya yake.

Shin takin da na zuba yana shiga cikin man ne?

A'a. Wannan ita ce amsar da na fi so kowane manomi ya riƙe, domin sauran duk a kanta suka ginu. Mai an yi shi ne da abu uku kacal: kabon, haidirojin da oksijin. Kabon daga iska ganye ke ɗauko shi, haidirojin daga ruwa, ƙarfin haɗa su kuma daga hasken rana. Ganye ya yi sukari, sukari ya gangara cikin ƙwaya, ƙwaya ta mayar da shi mai. A cikin ainihin kitsen babu naitirojin, babu fotash, babu farar wuta.

Aikin taki shi ne gina masana'antar: faɗin ganye, koren da ke kama haske, saiwar da ke jawo ruwa, da sinadaran da ke tafiyar da aikin a cikin ƙwaya. Shuka mai ƙoshin lafiya, wadda ganyenta ya daɗe yana kore lokacin da ƙwaya ke cika, ita ce ke tara mai. Duk tasirin taki a kan mai ta wannan hanya yake biyowa.

To shuka tana bambance takin gargajiya da na zamani?

A bakin saiwa ba ta bambancewa. Naitirojin da ke cikin kashin shanu sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun narkar da shi ya koma amoniyam ko naitiret kafin saiwa ta iya sha, kuma a wannan siffa ɗin dai na yuriya ma yake ƙarewa. Haka fosfaras, haka fotash.

Bambancin yana wurin lokaci, da adadi, da abin da ya biyo su. Takin zamani mai kauri ne, an san nauyin abin da ke cikinsa, kuma yana narkewa nan take: yuriya kashi 46 naitirojin ce, kamfa mai lamba 15-15-15 kuma lambobin ne ke faɗin abin da ke cikinsa. Takin gargajiya abincin da ke cikinsa kaɗan ne idan aka gwada da nauyinsa, yana sakinsa a hankali, wani sashe ma sai shekara ta biyu ko ta uku, kuma ƙarfinsa yana canzawa gwargwadon dabbar, abincinta, da yadda aka adana shi. Amma yana zuwa da abin da buhu ba ya kawowa, wato ruɓaɓɓen abu mai gyara jikin ƙasa. An yi bayaninsa a amsar da ta shafi fari.

Me ya sa ake cewa idan furotin ya hau, mai yakan sauka?

Domin daga tukunya ɗaya suke ci. Sukarin da ya isa ƙwaya yana da iyaka, kuma mai ya fi komai cin sa. Masana sun lissafa cewa giram ɗaya na sukari yana ba da wajen giram 0.83 na sitaci, ko 0.40 na furotin, ko 0.33 kacal na mai. Idan yanayi ya karkatar da ƙwaya wajen tara furotin, kason mai yakan ja baya, haka kuma idan aka juya. Masu kiwon iri sun daɗe suna fama da wannan, da wuya a samu irin da ya yi fice a duka biyun.

Wannan ba abin baƙin ciki ba ne ga mai matsa, domin tunkuzar da ke saura bayan an cire mai, wadda ake ciyar da kaji da dabbobi, babban ɓangare ce ta darajar waken. Wake mai mai da yawa amma tunkuzarsa ta gaza a furotin bai gama biyan buƙata ba.

Zan zuba wa waken soya yuriya kamar yadda nake wa masara?

Kada ka yi. Waken soya yana da buƙatar naitirojin mai yawa, har ya fi masara a kowane tan na amfani, amma yana da hanyarsa ta samu. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Bradyrhizobium suna shiga saiwarsa su yi ƙullutai, su kamo naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta biya su da sukari. A gona mai kyau wannan hanya takan samar da rabin buƙatar shukar ko fiye, sauran kuma daga ƙasa.

Idan ka cika ƙasa da naitirojin tun farko, shuka takan rage yin ƙullutan, waɗanda ta yi ma su rage aiki. Ka kashe kuɗi ke nan a kan abin da da kyauta za ka samu. Ga kuma ganye da kara su yi yawa, shuka ta yi tsawo ta kwanta. Naitirojin da aka zuba a makare, lokacin da kwasfa ke fitowa, idan ya yi tasiri yakan ɗan ɗaga furotin ne, kason mai kuma ya tsaya ko ya ɗan sauka, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata. A ƙasa mai rauni sosai ana iya ba da ɗan kaɗan lokacin shuka don tsiro ya kama kafin ƙullutai su fara aiki. Ga gonar da ba a taɓa shuka soya a cikinta ba, abin da ya fi yuriya amfani shi ne a shafa wa iri garin bakteriyar nan kafin a shuka, a inuwa, a kuma shuka shi a ranar.

Ta yaya zan gane ƙullutan suna aiki?

Gani ya kori ji. Bayan mako biyar zuwa shida da shuka, ka haƙo shuka da ƙasarta, kada ka fizge ta don ƙullutan sukan tsinke. Ka wanke saiwar, ka tsaga ƙullutu da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. Fari bai fara ba tukuna, kore ko ruwan ƙasa kuwa ya daina.

Wane taki ne ya fi taɓa yawan mai?

Fosfaras da fotash, amma da sharaɗi: sai in ƙasar tana da ƙarancinsu. Fosfaras shi ne ke ɗauke da ƙarfin da shuka ke kashewa a kowane aiki, kuma haɗa mai aiki ne mai cin ƙarfi. Ƙullutan saiwa ma masu cin fosfaras ne ƙwarai, shi ya sa ƙasar da ba ta da shi takan nuna kamar naitirojin ne ya gaza, manomi ya ruga ya sayo yuriya alhali sufa, wato takin fosfaras, ake nema.

Fotash kuwa shi ne ke taimakawa wajen kai sukari daga ganye zuwa ƙwaya, da daidaita yadda ganye ke riƙe ruwa. Alamar ƙarancinsa ita ce gefen tsofaffin ganye ya yi rawaya, sannan ya ƙone. Ƙwayar irin wannan shuka takan fito ƙanana, a yamutse, kuma ta fi saurin kamuwa da cututtukan kwasfa da fumfuna. A nan fotash yana taɓa inganci ta fuska biyu, yawan mai da lafiyar ƙwaya, domin ƙwaya mai fumfuna man da ke cikinta ya riga ya fara warwarewa tun a gona.

Inda ƙasa ta wadatu da su, ƙari ba ya ƙara mai. Tun ƙarni na 19 masana irin su Carl Sprengel da Justus von Liebig suka nuna cewa abincin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da amfanin shuka, ko da sauran sun yi yawa. Idan ka toshe wannan giɓi za ka ga canji, abin da ka zuba bayan haka asara ce kawai.

Farar wuta da ƙananan sinadarai fa?

Farar wuta ba ta cikin mai, amma tana cikin wasu sinadaran da ke haɗa shi a cikin ƙwaya. Babban tasirinta a waken soya yana kan ingancin furotin ne, domin metiyonin da sistin, biyu daga cikin tubalan da ke gina furotin, waɗanda dama soya ke da ƙarancinsu, da ita ake gina su. Ƙasa mai yashi wadda ruɓaɓɓen abu ya yi ƙaranci a cikinta ita ta fi rasa ta. Takin sufa yana ɗauke da wajen kashi 11 zuwa 12 na farar wuta, yuriya da DAP (takin zamani mai fosfaras da naitirojin) kuwa kusan babu. Manomin da ya daɗe yana amfani da waɗannan biyu kaɗai yana iya wayar gari da ƙarancin da bai san ya haifar ba. Takin dabbobi yana mayar da ita a hankali.

Cikin ƙananan, molibdinam ya cancanci ambato, domin in babu shi bakteriyar ƙullutai ba za ta iya kama naitirojin ba. Yana ɓuya a ƙasa mai tsami. Soya ta fi son ma'aunin tsamin ƙasa tsakanin 6 da 7, kuma sau da yawa zuba farar ƙasa don rage tsami ya fi sayen wani sabon taki amfani.

Ina ainihin amfanin takin gargajiya ga mai yake?

A wurin ruwa. Lokacin da ya fi kowane muhimmanci ga mai shi ne makonnin da ƙwaya ke cika cikin kwasfa. Idan fari ya faɗo a wannan lokaci, ganye yakan tsufa da wuri, sukari ya yanke, ƙwaya ta tsaya ƙarama, man ya ragu. Idan fari ya haɗu da zafi mai tsanani, wasu ƙwayoyin ma sukan bushe da korensu. Koren nan yana bin mai zuwa matata, sai an sha wahalar cire shi, kuma idan ya rage yana hanzarta lalacewar man da zarar haske ya taɓa shi.

Ƙasar da aka daɗe ana ciyar da ita da taki da ruɓaɓɓen ganye tana shan ruwan sama maimakon ya gudu a samanta, tana da taushin da saiwa za ta nutsa, kuma takan riƙe laima ta ɗan ƙarin kwanaki, musamman mai yashi. Waɗannan 'yan kwanaki, in sun faɗo daidai lokacin cikar ƙwaya, su ne ke raba ƙwaya cikakkiya da yamutsattsiya. Sai dai a sani, ba aikin damina ɗaya ba ne. Wanda ya zuba taki bana ya auna mai a kaka, zai iya ganin babu wani bambanci, ya yanke ƙauna. Gyaran jikin ƙasa shekaru yake ɗauka, kuma ya fi bayyana a shekarar da ruwa ya yi gardama. A ganina wannan ne dalili mafi ƙarfi na riƙe takin gargajiya, ya fi duk wata magana ta cewa yana sa mai ya yi daɗi.

Takin gargajiya zai iya yin illa?

Ƙwarai. Kashin kaji yana da naitirojin mai saurin fita, idan aka tula shi zai yi abin da yuriya ke yi: ya danne ƙullutai, ya sa shuka ta yi duhu ta kwanta, laima ta taru a ƙarƙashi cututtuka su samu wuri. Ɗanyen taki yana iya ƙona tsiro, yana kuma kawo irin ciyawa. A bar shi ya ruɓe sosai, a baza shi a haɗa da ƙasa makonni kafin shuka. Dabara mai kyau ita ce a zuba takin mai yawa wa hatsin da ya gabaci soya, kamar masara: ita ta cinye naitirojin, soya ta zo ta tarar da fosfaras da fotash da ƙasa mai laushi.

Zan iya ƙara oliyik ko rage linolenik ta hanyar taki?

Ba yadda zai canza darajar man ba. Abu biyu ke riƙe da wannan: iri da zafin yanayi. Akwai irin da aka kiwata musamman wanda oliyik ɗinsa ya haura kashi 70 cikin 100, linolenik kuma ya gaza kashi 3, kamar wanda ake sayarwa da sunan Plenish a Amurka. Babu takin da zai ɗauki wake mai kashi 23 ya kai shi ko kusa da nan.

Yanayi kuwa, idan ƙwaya ta cika cikin sanyi, linolenik da linoliyik sukan ƙaru. Idan ta cika cikin ɗumi, oliyik ne ke ƙaruwa. Yawan man kansa yakan hau da ɗumi har zuwa wajen digiri 28 na ma'aunin Salshiyas, daga nan zafi ya fara cutarwa. Saboda haka ranar shuka, wadda ke tsayar da lokacin da ƙwaya za ta cika, tana iya taɓa irin kitsen fiye da buhun taki. Gwaje-gwajen taki sukan nuna ɗan motsi a waɗannan alkaluma, wani lokaci sama wani lokaci ƙasa, amma ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da na iri da yanayi.

Akwai haɗarin wani guba daga taki ya shiga man?

Kowane ɓangare yana da abin lura. Dutsen da ake yin takin fosfaras da shi wani yana ɗauke da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, gwargwadon inda aka haƙo shi. Kashin dabbobin da ake ba abinci mai ƙarin tagulla da zinki yana tara su a ƙasa idan aka daɗe ana zubawa. Takin bola da na magudanar ƙazanta ya fi kowane haɗari, domin ba a san abin da ya shiga cikinsa ba, daga fasassun batura zuwa dattin masana'antu.

Waɗannan ƙarafa yawanci tare da furotin suke zama, wato a tunkuza, tacewa kuma tana cire mafi yawan abin da ya bi mai. Don haka damuwar ta fi shafar ƙasa da abincin dabbobi. Ga man kansa, baƙin ƙarfe da tagulla su ne abin tsoro, ko kaɗan ne suna hanzarta lalacewarsa. Ƙa'idar Codex, wato ƙa'idar abinci ta ƙasa da ƙasa, ta sa wa man girki iyakar baƙin ƙarfe miligiram 1.5 a kowane kilo na tataccen mai, tagulla kuma 0.1. Sau da yawa ba daga gona suke zuwa ba, daga injin matsa ne mai tsatsa ko gangar ajiya.

Man da aka rubuta wa "oganik" ya fi sauran inganci?

Wannan tambari shaida ce ta yadda aka noma wake, wato ba da takin zamani ba, da yadda aka sarrafa shi, bai yi alkawarin wani adadin oliyik ko bitamin ba. Bambancin da mai saye zai iya ji ya fi zuwa daga hanyar fitar da man. Manyan masana'antu suna jiƙa wake da wani sinadari mai suna hekzen wanda ke kwashe mai har ya bar ƙasa da kashi 1 a tunkuza, sannan a tace. Ƙa'idojin oganik ba su yarda da hekzen ba, sai dai matsa da inji, wanda ke barin wajen kashi 5 zuwa 8 na mai a tunkuza. Man da aka matsa ba a tace sosai ba yakan fi launi da ƙamshin wake. Wannan aikin inji ne, taki ba shi da hannu a ciki.

Idan zan haɗa su biyu, ta ina zan fara?

Da gwajin ƙasa. In babu shi, kana zuba taki ne a duhu. Sannan ka san abin da girbi ke kwashewa: kowane tan ɗaya na waken soya yana fita da wajen kilo 60 na naitirojin, kilo 12 na fosfaras da kilo 20 na fotash, biyun ƙarshe a ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhu. Naitirojin ƙullutai za su ɗauki yawancinsa. Fosfaras da fotash kuwa babu mai mayar da su sai kai, kuma idan ana kwashe karan daga gona, fotash ɗin da ke fita ya fi haka.

Tsarin da ya fi dacewa da yawancin gonaki shi ne ruɓaɓɓen taki a matsayin tushe, sannan a cike giɓin da gwaji ya nuna da takin zamani mai fosfaras ko fotash, a sa shi lokacin shuka a gefen iri, kada ya taɓa shi, domin irin soya ba ya jure gishirin taki. A kula da kamfa 15-15-15: idan da shi kaɗai za ka cike buƙatar fosfaras, za ka zuba naitirojin da ya wuce abin da soya ke so.

Na kula da taki yadda ya kamata, amma mai matsa ya ce man waken bai yi kyau ba. Me ya faru?

Ka duba abin da ya biyo bayan nuna. Waken da ya bushe a gona ruwa ya sake dukansa, ko aka sussuke shi da ƙarfi ya farfashe, ko aka zuba shi a buhu da sauran laima, mansa yana fara warwarewa tun kafin ya ga inji. Ƙwayar da ta fashe iska ta samu ƙofa, laima da ɗumi kuma suna tayar da sinadaran da ke yanka kitse, ga fumfuna. Sakamakon shi ne asid mai yawa, wanda dole matata ta cire, kuma duk abin da aka cire ragi ne a man da za a sayar. A busar da wake zuwa laimar kashi 13 cikin 100 don ajiyar 'yan watanni, kashi 11 zuwa 12 idan zai daɗe. A tsince kore da ruɓaɓɓe, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Mako biyu na sakaci a rumbu yana iya ɓata abin da aka gina a damina guda.

Yaya zan gwada a gonata in ga wanne ya fi mini?

Ka ware layuka a gona ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya: wasu da takin gargajiya, wasu da na zamani, wasu da haɗin biyun, wasu babu komai. Kada ka ba kowanne gefe guda, ka maimaita su a wurare uku ko huɗu a cakuɗe, don kada bambancin ƙasa ya ruɗe ka. Ka auna nauyin kowanne dabam, ka kai samfur ɗakin gwaji a auna mai da furotin a laima ɗaya.

Wurin karanta sakamako kuma, kada kason mai kaɗai ya ɗauke maka hankali. Ɗauki misali: layin da ya ba da tan 1.5 a hekta da mai kashi 21 ya samar da kilo 315 na mai, wanda ya ba da tan 2 da kashi 20 kuwa ya samar da kilo 400. Na biyun ne ya fi, ko da yake kasonsa ya gaza. Ka riƙe layukan a inda suke ka maimaita aƙalla damina uku, kana rubuta ranar da fure ya fito da yadda ruwa ya kasance a makonnin cikar ƙwaya, domin da wannan rubutu ne za ka raba aikin taki da aikin yanayi.